Rubutun Masarawan Dā: Abin da Yake Koya wa Mai Hidima a Ƙasar Rano da Kibiya

A cikin Ayyukan Manzanni 7:22 Istifanus ya shaida cewa an koya wa Musa dukan ilimin Masarawa. Mukan karanta ayar mu wuce ba tare da mun tambayi wane irin ilimi ba ne. Tushen ilimin nan rubutu ne. Duk yaron da ya tashi a fadar Fir'auna sai ya zauna gaban malami ya koyi zana alamu. Zuriyar Yakubu ta daɗe a cikin ƙasar da bangon haikalinta, da kaburburanta, da ƙofofin fadarta suke cike da rubutu. Idan mun san matsayin da Masarawa suka ba rubutunsu, za mu ƙara fahimtar littattafan Musa, za mu kuma sami haske a kan wata matsala da take gabanmu a ikkilisiyoyin Rano da Kibiya, wato yadda mutanenmu suke ɗaukar rubutacciyar kalma.

Yadda rubutun yake

Turawa suna kiransa hirogilif, daga kalmomin Helenanci masu ma'anar sassaƙa mai tsarki. Masarawa da kansu suna ce masa "maganar allah", domin sun gaskata cewa allahnsu Tot ne ya ƙago shi. Alamu mafi tsufa da aka tono sun fito daga wani kabari a Abidos, wajen shekara ta 3200 kafin haihuwar Almasihu (K.H.). Rubutu na ƙarshe da yake ɗauke da kwanan wata an sassaƙa shi a tsibirin Filai a shekara ta 394 bayan haihuwar Almasihu. Ke nan an yi fiye da shekara 3,500 ana amfani da shi.

Wanda ya fara ganinsa zai ce zane ne kawai: ga mujiya, ga maciji, ga ido, ga ƙafa. Amma zane daban, rubutu daban. A duwatsun Birnin Kudu, gabas da mu, akwai zanen shanu da mutanen dā suka bari. Kowa ya gani ya san saniya ce, amma zanen ba ya faɗa mana ko kalma guda ta harshen wanda ya yi shi. Rubutu kuwa sautin magana yake kamawa.

Ga dabarar da Masarawa suka yi. A ce ba mu da boko ko ajami, muna so mu rubuta sunan garin Kibiya. Sai mu zana kibiyar maharbi, mai karatu ya furta "kibiya", ya ji sunan garin. Amma yaya zai san gari muke nufi? Sai mu ƙara masa wata 'yar alama ta ganuwa a ƙarshe, wadda ba a furtawa, aikinta kawai ta nuna cewa sunan wuri ne. Haka rubutun Masar yake aiki da alamu iri uku. Akwai alamar da take nufin abin da aka zana. Akwai wadda take ɗauke da sauti: mujiya tana tsayawa a madadin "m", bakin mutum a madadin "r". Akwai kuma alamar ƙarshe mai nuna jinsin kalmar, ko mutum ne, ko ƙasa, ko tafiya. Baƙaƙe kaɗai suke rubutawa ba wasula, kamar yadda akan rubuta Larabci da Ibrananci. Suna da alamu wajen 24 masu baƙi ɗaya ɗaya, amma marubuci yana bukatar sanin alamu wajen 700 kafin ya ƙware. Don aikin yau da kullum, kamar wasiƙa da lissafin hatsi, suna da rubutun hannu mai sauri da suke yi da tawada a kan takardar da suke haɗawa daga wata ciyawar bakin Kogin Nilu.

Sunan Fir'auna ma daga nan ya fito. Asalinsa kalmomi biyu ne masu ma'anar "babban gida", daga baya ya zama laƙabin sarkin da kansa, kamar yadda mukan ce "fada ta yi kira" alhali sarki muke nufi.

Rubutu a hannun 'yan kaɗan

Saboda wahalar koyonsa, rubutu ya zama na manya. Masana da yawa suna ƙiyasta cewa a zamanin dā kimanin mutum ɗaya cikin ɗari ne ya iya karatu a Masar. Marubuci ne mai ƙidaya amfanin gona, mai yanka haraji, mai rubuta sunayen waɗanda za su yi aikin tilas. Manomi yana ganin ana rubuta abin da ya shafe shi, ba shi da ikon dubawa. A manyan haikali akwai wurin da ake kira Gidan Rai, inda firistoci suke kwafa littattafan magani, da na fassarar mafarki, da na tsafi. Masana suna danganta kalmar Ibrananci da aka fassara "masu sihiri" a Farawa 41:8 da Fitowa 7:11 da laƙabin irin waɗannan firistoci masu riƙe da littafi. Waɗanda suka kasa fassara mafarkin Fir'auna a zamanin Yusufu, da waɗanda suka yi karo da Musa da Haruna, su ne manyan masu ilimin ƙasar.

Rubutu mai rai

Abin da ya fi muhimmanci a gare mu shi ne wannan: Bamasare bai ɗauki alama a matsayin tawada ko sassaƙa kawai ba. A wurinsa alamar tana da rai, tana kuma iya aikata abin da ta faɗa. Misalai huɗu sun isa.

Na ɗaya, a wasu ɗakunan kabari marubuta sukan zana maciji ko zaki a yanke gida biyu, ko su bar wani sashe na jikinsa, don kada alamar ta tashi ta cuci mamacin.

Na biyu, sun gaskata cewa muddin sunan mutum yana rubuce ana kuma furta shi, yana nan da rai a lahira. Saboda haka kankare suna hukunci ne mai tsanani. An bi gumakan sarauniya Hatshefsut an goge sunanta bayan mutuwarta. Sarki Akenaton kuma ya sa an kankare sunan allahn nan Amun daga bangon haikali.

Na uku, sukan rubuta sunayen abokan gaba a jikin tukwane ko 'yan gumakan yumɓu, su farfasa, su binne, da nufin karya masu sunan. A cikin irin waɗannan da aka tono, na wajen ƙarni na 19 da na 18 K.H., akwai sunayen biranen Kan'ana kamar Ashkelon da Shekem, da wani suna da yawancin masana suke karantawa Urushalima. Bahaushe ba ya bukatar a fassara masa wannan. Sammu ne.

Na huɗu shi ne wanda ya fi kusa da mu. Suna da allunan dutse da gumaka da aka cika da rubutun maganin saran maciji da harbin kunama. Akan zuba ruwa a kansu, ruwan ya bi ta kan rubutun ya taru a wani kwano a ƙasa, a ba majiyyaci ya sha. Ɗaya daga cikin manyansu, na zamanin sarki Nektanebo na Biyu (360 zuwa 343 K.H.), yana gidan tarihi a birnin New York. Mai shan ruwan bai iya karatu ba, ba a kuma bukaci ya iya ba. Ana ganin ikon yana cikin alamun ne.

Yadda aka manta, da yadda aka gano

Da bishara ta bazu a Masar, masu bi suka rubuta harshensu da haruffan Helenanci, suka ƙara 'yan alamu shida ko bakwai daga tsohon rubutun hannu don sautukan da Helenanci ba shi da su. Wannan shi ne rubutun Kibɗawa, da shi aka fassara musu Littafi Mai Tsarki. Da aka rufe haikalin gumaka, firistocin da suka san tsohon rubutun suka ƙare, aka yi shekara wajen 1,400 ba mai iya karanta shi.

A 1799 sojojin Faransa suka tsinci wani dutse a garin Rashid, kusa da bakin teku. A jikinsa akwai wata doka ta shekarar 196 K.H., zamanin sarki Talomi na Biyar, an rubuta ta sau uku: da hirogilif, da rubutun hannu na Masar, da Helenanci. Tun 1802 dutsen yana gidan tarihi a Landan. A 1822 wani Bafaranshe, Jean-François Champollion, ya gano makullin. Abin da ya taimake shi ƙwarai shi ne ya san harshen Kibɗawa, wanda ikkilisiyar Masar ta riƙe a cikin sujadarta. Harshen addu'ar Kirista ne ya buɗe bakin duwatsun Fir'auna.

Abin da duwatsun suka faɗa game da Littafi Mai Tsarki

A 1896 Flinders Petrie ya tono allon dutse na sarki Marnefta a Tebes. An rubuta shi wajen 1208 K.H., a cikinsa kuma aka sami sunan Isra'ila, ambato mafi tsufa a wajen Littafi Mai Tsarki. Ku tuna da alamar ƙarshe da muka yi bayani. Sunayen Ashkelon da Gezer suna ɗauke da alamar ƙasa, amma sunan Isra'ila yana ɗauke da hoton namiji da mace, alamar jama'a. Marubucin ya san su a matsayin al'umma a Kan'ana wadda ba ta kafa mulki ba tukuna, abin da ya yi daidai da zamanin Littafin Mahukunta. Sarkin ya yi fahariya cewa ya hallaka su ba sauran iri. Tarihi ya nuna ƙarshen wannan fahariya.

A 1 Sarakuna 14:25 an ce Shishak sarkin Masar ya kawo wa Urushalima yaƙi a shekara ta biyar ta mulkin Rehobowam. A bangon haikalin Karnak akwai jerin garuruwan da sarki Shoshenk na Ɗaya ya ce ya ci wajen 925 K.H., har da Magiddo, da Gibeyon, da Ayalon. Tirhaka na 2 Sarakuna 19:9 shi ne Taharka, sarki daga Kush, ƙasar Sudan ta yau, wanda ya mulki Masar. Akwai kuma kamanni sosai tsakanin Karin Magana 22:17 zuwa 24:22 da koyarwar wani Bamasare mai suna Amenemofe.

A nan sai mu yi hattara a kan bagade. Sunan Urushalima ba ya cikin sunayen da suka rage ana iya karantawa a jerin Karnak. Ba a kuma sami rubutun Masar da ya ambaci Musa ko fitowar Isra'ilawa ba. Wannan ba abin mamaki ba ne, gama bangon haikali wurin kirarin sarki ne, maroƙi kuwa ba ya ambaton ranar da ubangidansa ya sha kashi. Amma kada mai wa'azi ya ce an tono abin da ba a tono ba. A cikin masu sauraronmu akwai ɗalibai masu waya a hannu. Ranar da suka gane mun ƙara gishiri a abu ɗaya, za su yi shakkar sauran.

Haka nan batun asali. Masana harsuna sun sa Hausa, da harshen Masar na dā, da Ibrananci, da Larabci a cikin babban dangi ɗaya. Kalmarmu "mutu" tana da 'yan'uwa masu baƙaƙen "m" da "t" a dukansu. Wannan zumuncin harshe ne mai nisa ƙwarai. Bai isa hujjar cewa Hausawa ko Maguzawa daga Masar suka taso ba.

Boko da ajami jikokinsa ne

A Sinai, wurin da Masarawa suke haƙar duwatsu masu daraja, Petrie ya sami wasu gajerun rubuce-rubuce a 1905. Yawancin masana sun yarda cewa mutane masu harshe irin na Kan'ana ne suka ari hotunan Masar kaɗan, suka ba kowanne sautin farko na sunansa a harshensu. Kan sa, wanda suke kira "alef", shi ya zama alif da A. Gida, "bet", ya zama ba da B. Ruwa, "mem", ya zama mim da M. Da alamu ƙasa da 30 aka iya rubuta kowace magana. Daga wannan tushe haruffan Finikiyawa suka fito, daga su aka sami na Ibrananci, da na Helenanci wanda ya haifi na Romawa, wato bokonmu. Ta wani reshen kuma aka sami na Aramiya, sannan na Larabci, wanda ya ba mu ajami. Allon almajiri a Rano da littafin ɗan firamare a Kibiya kakansu ɗaya.

Da irin wannan rubutu mai sauƙi aka rubuta Tsohon Alkawari. Ku lura da abin da Shari'a ta yi da shi. A Maimaitawar Shari'a 27:8 an umarta a rubuta dokokin a kan duwatsu yadda za su fito sarai. A 31:10-13 an ce kowace shekara bakwai a karanta su a kunnen kowa, maza da mata da yara da baƙi. A 17:18-19 sarki ma sai ya kwafi nasa ya riƙa karantawa, ya zauna a ƙarƙashinsa. A Masar rubutu yana ɗaukaka sarki yana ɓoye ilimi a hannun firist. A Isra'ila rubutu yana hukunta sarki, ana kuma buɗe shi ga talaka.

Abin da ya shafe mu

Yawancin masu bi a ƙauyukan Rano da Kibiya daga gidajen Maguzawa suka fito, suna kuma zaune cikin jama'ar da ta saba da laya da rubutun sha. Mutum yakan karɓi Almasihu da gaske, amma tunaninsa game da rubutu bai sāke ba. Sai ya sa Littafi Mai Tsarki a ƙarƙashin matashin jariri don korar iskoki. Wani ya rubuta Zabura 91 ya naɗe ya ɗinke a fata. Wata ta roƙi fasto ya rubuta mata aya ta wanke ta sha. Da damina, sa'ad da kububuwa ta sari mutum a gona, irin wannan roƙo yakan zo da kuka, ba kuwa lokacin dogon bayani. Dole mai hidima ya san amsarsa tun kafin ranar.

Wani zai kawo Littafin Ƙidaya 5:23, inda firist yake rubuta la'ana ya wanke ta cikin ruwa a ba mace ta sha. Mu karanta surar duka. Shari'a ce ta rantsuwa a gaban Ubangiji a kan zargin da ba shi da shaida, hukuncin kuma na Allah ne. Ba a ba da ruwan don warkarwa ko tsari ba, ba a kuma umarci ikkilisiya ta yi haka ba. Wani zai kawo Ezekiyel 3:1-3, inda annabin ya ci littafi. Wahayi ne, aya ta 10 kuma ta bayyana nufinsa: ya karɓi maganar a zuciyarsa, ya ji da kunnensa, sa'an nan ya je ya faɗa.

Littafi Mai Tsarki ya nuna abin da yakan faru idan aka mai da abu mai tsarki laya. A 1 Sama'ila 4 Isra'ilawa sun ɗauko akwatin alkawari, da allunan Shari'a a cikinsa, suka kai bakin dāga don ya cece su. Aka ci su, Filistiyawa suka kwashe akwatin. A 2 Sarakuna 18:4 Hezekiya ya farfashe macijin tagulla da Musa ya yi, don jama'a sun fara ƙona masa turare. Ta ɗaya gefen kuma, a Irmiya 36 sarki Yehoyakim ya yayyanka littafin annabin ya ƙone, yana tsammani ya kashe maganar. Aka sāke rubutawa, hukuncin kuma ya cika. Ƙona takarda bai rage ikon maganar ba, rataya ta a wuya ma ba ya ƙara mata kome. Ikon yana wurin Allah da ya faɗe ta, yana kuma aiki a cikin wanda ya ji, ya gane, ya gaskata, ya yi biyayya.

Saboda haka muna ba masu hidima shawara huɗu.

Da fari, kada mu yi wa mai roƙon laya dariya ko tsawa. Tsoro ne ya kawo shi, tsoron kuwa na gaske ne. Mu zauna da shi, mu karanta masa ayar da harshen da yake ji, mu bayyana ta, mu yi addu'a tare, mu koya masa ita har ya haddace. Idan saran maciji ne, a yi addu'ar a kan hanyar asibiti, gama jinkiri yana kisa.

Na biyu, kada mu zama firistocin Gidan Rai. Akwai jaraba mai daɗi a cikin zama mutum ɗaya tak da ya iya karatu a ikkilisiya. Tun 1932 muke da cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, aikin da Dakta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa suka sha wahala a kansa. Abin kunya ne a ce bayan wannan tsawon lokaci dattijo ko uwar zumuntar mata tana riƙe da shi ba ta iya buɗewa. Ajin yaƙi da jahilci da rani, bayan an gama girbi, aikin bishara ne kamar wa'azi. Wanda ya riga ya san ajami ya san cewa alama tana ɗaukar sauti, rabin aikin ya ƙare.

Na uku, mu bi misalin Nehemiya 8:8, inda aka karanta Shari'a aka kuma bayyana ma'anarta har jama'a suka fahimta. Yayyafa kalmomin Helenanci ko Turanci a wa'azi don a san mun yi makaranta wani irin hirogilif ne.

Na huɗu, mu kiyaye harshenmu game da maƙwabtanmu Musulmi. Abin da muke koyarwa gyaran gidanmu ne. Ba mu da izinin yin ba'a ga allon kowa daga kan bagade, zaman lafiyar ƙauyukanmu kuma amana ce a hannunmu.

Masarawa sun sassaƙa sunayensu a dutse don kada a manta da su, magabtansu kuma suka bi da guduma suna kankarewa. Mutanenmu ma suna tsoron a rubuta sunansu a binne a mararraba. A Luka 10:20 Yesu ya ce wa almajiransa su yi murna domin an rubuta sunayensu a sama, a Wahayin Yahaya 3:5 kuma ya yi alkawari ba zai share sunan mai nasara daga littafin rai ba. Wannan ne za mu sa a hannun mai tsoron sammu.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Waɗanne hanyoyi ne ka ga ana amfani da Littafi Mai Tsarki kamar laya a inda kake hidima?

2. Mutum nawa ne a ikkilisiyarka suke iya karanta sura guda da kansu? Me za ku yi kafin damina mai zuwa don adadin ya ƙaru?

3. Yaya za ka bayyana Littafin Ƙidaya 5:23 ga mai bi da ya kawo maka ita a matsayin hujjar rubutun sha?